Takalman Bakin Ƙofa: Shekara Tara Bayan Inna Saratu

Da damanar bana Inna ta cika shekara tara da barinmu. Saratu ne sunanta, amma ko fasto bai taɓa kiranta da shi ba. Inna kowa yake cewa, har waɗanda suka girme ta. Ni ce babbar 'yarta, Rifkatu, malamar firamare a nan Kaura Namoda. Sai ƙanena Ishaya, manomi. Mu biyu muka rage cikin waɗanda ta haifa. Duk shekara idan gero ya fara fitar da kai nakan ɗauki alƙalami in ce zan rubuta wani abu a kanta, sai wata hidima ta taso in ajiye. Bana na kasa ajiyewa, domin abin da ya same mu wata Lahadi a damanar bara ya ƙi fita daga raina.

Ƙauyenmu yana can bayan Banga. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma na san duk wanda yake zaune tsakanin Kaura da Zurmi da Shinkafi ba zai tambaye ni dalili ba. Mu Kirista 'yan kaɗan ne a cikinsa, gidaje ƙalilan a gefen gari. Sauran duk Musulmi ne, da su muke gayya, da su muke suna da makoki. Majami'armu ɗaki ɗaya ce ta ƙasa, da rufin kwanon da tsatsa ta gama ci. Babu benci, tabarmi ake shimfiɗawa, maza gefe mata gefe. Abin da muke taƙama da shi a cikinta shi ne daɓe. Mata ne suka yi shi da hannunsu, Inna ce kan gaba. Suka tsinto tsakuwa, suka jiƙa makuba, suka yi ta duka da madaɓi suna waƙa, har ya yi sumul yana sheƙi. Tun daga ranar Inna ta kafa doka, ba mai taka mata daɓe da takalmi. Baƙi sukan ɗauka wata koyarwa ce ta addini. Ba wata koyarwa, Inna ce kawai ba ta yarda a farfasa mata aiki ba.

To, daga wannan doka aikinta ya samo asali. Inna ba ta zama cikin mata. Tana da 'yar kujerarta a bakin ƙofa, rabin jikinta ciki rabi waje, wai don korar awaki. Gaskiyar magana, takalma take dubawa. Inna ba ta yi karatu ba, ko harafi ɗaya ba ta sani ba, amma ta san takalmin kowa. Ta san wanda yake taka gefe, da wanda dunduniyarsa take cin roba, da wadda ta ɗinke igiyar silifa da zaren buhu. Kafin fasto ya gama addu'ar buɗewa ta riga ta san wanda bai zo ba. Ana tashi daga sujada, mu mu nufi gida wajen tuwo, ita ta saɓa sandarta ta nufi gidan mutumin. Idan gidan yana tsallaken rafi, sai ta tattare zane ta tsallaka. Ba ta wa'azi, ba ta faɗa. Takan yi sallama ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Ban ga takalminka ba yau. Lahiya dai?"

Kada mai karatu ya ɗauka kowa yana jin daɗin wannan ziyara. Akwai masu shiga bayan rumbu da sun hango sandarta. Akwai kuma Bawa, dillalin awaki, wanda ya fi son wata kasuwar ƙauye mai ci ran Lahadi a kan wa'azin fasto. Wata rana dabara ta zo masa. Ya ba matarsa Ladi takalmansa na ado, ta ɓoye a ƙarƙashin mayafi ta ajiye su cikin na maza, shi kuwa ya sa na taya ya kama hanyar kasuwa. Abin da ya manta shi ne, shi Bawa bai taɓa cire takalmi kamar mutum ba, wurgi yake yi da su, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ranar kuwa ga su a jere tsaf, baki ɗaya, kamar kayan ɗakin amarya. Inna ta dube su, ta dubi Ladi, Ladi ta sunkuyar da kai cikin littafin waƙoƙin da ta riƙe a juye. Da aka tashi Inna ta ɗauke takalman ta jefa a kwandonta ta tafi da su gida. Dole Bawa ya zo ya durƙusa.

Inna ta miƙa masa ta ce, "Takalmanka sun yi sujada, Allah shi karɓa masu. Kai hwa?"

Bawa ya fara kame-kame, wai akuyar wani ce ta ɓace. Ta katse shi.

"Ba takalmi nika nema ba, Bawa. Kai nika nema."

Har Bawa ya tsufa, yara suna tsokanarsa da mai takalmi mai ibada.

Ina budurwa abin yana ba ni haushi. Wata rana muna surfe na ce mata, Inna, kina sa mutane suna gudunmu, wanda bai zo ba ai tsakaninsa da Allah ne. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da luguden taɓarya, sannan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tana amarya, kafin a gina majami'a, Baba ya zaunar da ita a gidan gona nesa da gari, shi ya tafi cin rani. Zazzaɓi ya kayar da ita da jariri a hannu, wanda da ya rayu shi ne yayana. Ta kasa tashi ko ruwa ta ɗebo. Yaron ya mutu a gefenta tana ji tana gani. Sai da wata Bafulatana mai tallar nono ta ɓata hanya ta biyo ta wajen, sannan aka san halin da take ciki.

Ta ce, "Mutanen gari ba mugaye ba ne, Rifkatu. Babu wanda ka jirana ko'ina, shi ya sa babu wanda yas san ban zaka ba."

Daga ranar ban ƙara yi mata maganar ba.

Inna ta rasu a ɗakinta, a kan tabarmarta, bayan 'yar gajeruwar jinya. An yi mata jana'iza da rana tsaka, Musulmi da Kirista suka cika ƙofar gida, ba wanda yake waiwayen hanya. A lokacin muna jin labarin 'yan bindiga, amma daga nesa, kamar cida a wani gari. Yau idan na tuna irin mutuwarta har kishi nake ji, Allah Ya gafarta mini. Nakan tambayi kaina, da za ta tashi ta ga yadda muka koma, me za ta ce? Matar da take ratsa gero mai tsawon mutum ita kaɗai da sanda, don kawai ba ta ga silifar wata ba. Yanzu geron nan shi ne abin tsoro, domin ba ka san wanda yake kwance a cikinsa ba. Ƙarar babur, wadda a da take nufin baƙo ya zo ko an dawo daga kasuwa, yanzu idan ta wuce ta ɗaya sai mata su fara neman 'ya'yansu. A ajinmu idan ƙofa ta buga da ƙarfi, yara ba sa dariya kamar yadda yara suka saba, ƙarƙashin tebur suke shigewa.

Akwai abin da na gani da idona wanda ya fi duk labaran da nake ji. Mun tashi zuwa ta'aziyya wajen Shinkafi, motarmu ta iso wani kwari inda aka tare mutane da safiyar ranar. Babu gawa, babu jini a inda idona ya kai. Takalma ne kawai a warwatse a kan titi da bakin ciyawa. Silifar mace mai fure, sau-cikin wani dattijo, da wani ɗan ƙaramin takalmi ƙafa ɗaya wanda mai shi bai isa shiga ajina ba. Direba ya kashe rediyo. Ni 'yar Inna ce, ido ya saba, sai na sami kaina ina karanta su, wannan tana taka gefe, wancan yana jan ƙafa. Tun daga ranar, idan na ga takalmi ba mai shi, sai kwarin nan ya faɗo mini a rai.

Da abin ya matso ƙauyenmu, akasarin Kiristan suka kwaso iyali suka dawo Kaura, kamar yadda Musulmi da yawa suka yi. Aka sa kwado a ƙofar majami'a. Lahadin farko da mutanenmu suka zo babbar majami'ar da nake zuwa a gari, sai suka yi abin da ƙafarsu ta saba, suka tuɓe takalma a bakin ƙofa suka jera. Matan gari masu dogayen dundunniya suka riƙa tsallakewa suna ƙunshe dariya. Mai kula da ƙofa ya ce, ku shiga da abinku, nan siminti ne. Wani tsoho daga cikinmu ya gwada, ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya dawo da ita ya ce ƙafar ta ƙi. Haka aka bar mu. Har yau akwai jeri guda a gefen ƙofa na 'yan ƙauyenmu kaɗai, yaran gari suna kiranmu 'yan cire takalmi, mu kuwa ko a jikinmu.

Ishaya bai dawo ba. Ya kawo mini matarsa Hannatu da yara, shi ya koma, domin da geron gonar nan muke ci mu duka, gidansa da nawa. Waya ba ta kamawa a ƙauyen sai an hau tudu, kuma mutumin da aka gani a kan tudu da waya a kunne yana iya jawo wa kansa zargin da zai ci ransa. Saboda haka ba mu da labarinsa daga Litinin har Asabar. Abu ɗaya muke da shi. Duk Lahadi yakan tada babur ya biyo hanyar nan da kowa yake tsoro, ya zo sujada Kaura. Yakan iso an fara waƙa, ya tuɓe faɗensa na fata, mai jan zare a igiyar hagu, ya ajiye a ƙarshen jeri ya shiga wajen maza.

Haka na gaji kujerar Inna. Kada a yaba mini, tsoro ne ya zaunar da ni a kanta. Na nemo 'yar kujera na dasa a bakin ƙofa, rabin jikina ciki rabi waje, alhali babu akuyar da zan kora. Hannatu takan zauna inda za ta iya hango ni. Idan faɗen nan ya sauka sai in gyaɗa mata kai, sannan mu biyu mu fara jin abin da fasto yake faɗa.

Amma kowace Lahadi murnata rabi ce, domin na san abin da ya ratso kafin ya zo, na kuma san zai sake ratsa shi kafin la'asar. Wata rana yana cin dambu a tsakar gidana na kasa haƙuri.

Na ce, "Ishaya, ka bar zakkuwan ga. Yi addu'arka ɗaka, Allah na ji. Ko so kaka yi ka maishe da Hannatu gwauruwa don waƙa ukku da wa'azi?"

Ya ajiye cokali. Ishaya ba mai yawan magana ba ne, ya yi kama da Baba.

Ya ce, "Allah na ji, Yaya, na san shina ji. Amma in anka ɗauke ni ran Talata, wa za ya sani?"

Na ce to ai hanyar ce za ta sa a ɗauke ka.

Ya ce, "Gona ma ana ɗauka. Ɗaka ma ana ɗauka. Ke ba ki san zaman can ba yanzu. Kunnena kullum na ga hanya, ko ƙwarya taf faɗi sai in zabura. Sai in wuni ban ji muryar kowa ba. Ran Lahadi in na zamna cikin mutane anka ɗaga waƙa, kahwaɗata na gugar ta wani, sai in tuna ni mutum na, ba zomo ba. In kin hana ni wanga, mi za ni komawa da shi?"

Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na zuba masa yaji da daddawa a leda. Duk da haka ban janye ba. Kowane mako sai na sake tayar da maganar, shi kuma ya yi murmushi ya tada babur.

Na sha tambayar kaina, da Inna tana nan, bayan wa za ta goya? Ban sani ba, kuma ba zan yi mata ƙarya ba. Inna ba ta taɓa yi wa mara lafiya faɗa don bai zo ba, kai masa kunu take yi. Na tabbata ba za ta kira wanda tsoron bindiga ya tsare a gida mara bangaskiya ba. Wanda na san ba zai sha da daɗi a hannunta ba shi ne mutumin gari, wanda tsakaninsa da majami'a bai wuce jifa ba, amma ya kishingiɗa a kan katifa yana jin wa'azi a waya, wai ai duk ɗaya ne. Wa'azin yana iya zama ɗaya. Sai dai wayar ba ta san takalminka ba, ranar da ka kasa tashi kuwa ba za ta yi sallama a tsakar gidanka ba. Ina da irin waɗannan a layinmu, sun san kansu, kuma sun san na fara bin sawun Inna.

Yanzu bari in zo ga Lahadin da na ambata. Damanar bara ce, gero ya rufe hanya, an kwana biyu ana raɗe-raɗin an ga babura a dajin da ke tsakaninmu da Zurmi. Na zauna a kujerata. Takalma suka yi ta sauka, na tsohon nan mai ƙafar da ta ƙi, na Ladi matar marigayi Bawa, na wannan, na wancan. Aka yi waƙar farko. Aka yi ta biyu. Ƙarshen jeri babu kowa. Hannatu ta waiwayo, ban gyaɗa kai ba. Ta sake waiwayowa, na kau da ido na dubi titi. Fasto ya hau wa'azi, ina ganin bakinsa yana motsi, ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena ba. Ina ta yi wa kaina bayani, taya ce ta fashe, rafi ne ya cika, mai ne ya ƙare. Wata zuciyar kuma tana cewa, kin san abin da ya faru, kin daɗe da sani.

Sai na ji babur ya tsaya a bakin titi. Na miƙe. Ba Ishaya ba ne. Malam Garba ne, maƙwabcinmu na ƙauye, wanda katanga ɗaya ta raba gidansu da namu, tare suka yi wasan ƙasa da Ishaya. Wandonsa duk laka har gwiwa. Yana tahowa wajena, a hannunsa kuma yana riƙe da faɗen fata, mai jan zare a igiyar hagu.

Ban san yadda zan kwatanta wa mai karatu ba. Na koma kan kujera ba da niyya ba. Kwarin nan na hanyar Shinkafi ya dawo mini gaba ɗaya, har da ɗan ƙaramin takalmin. Abin da kawai nake tunani shi ne, Hannatu tana kallona, kuma fuskata ta riga ta gaya mata.

Malam Garba bai shiga ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ajiye takalman a ƙarshen jeri, ya daidaita bakinsu, sannan ya ɗago.

"Kwantar da hankalinki, ɗiyar Inna. Shina da rai."

Da ƙyar na ce, "Su na?"

"Ba su na ba. Maciji na. Kububuwa tas sare shi bakin rumbu jiya da marece. Shina asibiti, yanzu munka aje shi, likita na kansa."

Allah Ya sani, tunda nake ban taɓa jin daɗin sunan maciji ba sai ranar. Na ce na gode Allah, na gode Allah, kamar an yi mini albishir da haihuwa. Ga inda aka kai mu ke nan.

Na tambaye shi yadda aka yi ya sani, tunda Ishaya shi kaɗai ne a gidan kuma yakan kulle ƙofa ta ciki.

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Yau ba Lahadi ta ba? Tun muna ƙanana, ran Lahadi gidanku ba a rasa hita. Na dawo masallaci, na sha kunu, hantsi ya ɗaga, ban ji tashin babur nai ba. Nic ce a'a, da magana. Na kira, shuru. Sai nih haura katanga. Na ishe shi tsakar gida, ƙahwa ta kumbura kamar turmi, ya sa rigar coci, shina jan jiki wajen babur. Tsohuwarku ko tsohon da ba ya da kowa yaƙ ƙi hitowa sai ta leƙa. Mu ma mun ga tana yi."

Shi da wani ɗan'uwansa suka sa Ishaya a tsakiya, suka ɗaure shi da rawani a bayan Malam Garba, suka biyo hanyar nan da ake cewa an ga babura. Ishaya ya ƙi barin gida sai da aka rataya masa takalman a hannun babur.

"Da munka kai shi, shina magana da ƙyar, yac ce, Garba, kai takalman ga bakin ƙohwar coci ka aje ƙarshen layi. Yaya na can tana dubi."

Na so ya tsaya ya ci abinci, ya ƙi. Iyalinsa suna ƙauye, dole ya koma ta inda ya fito. Na ce masa ina jin tsoro, idan wani abu ya same shi a hanya wa zai gaya mana. Ya ce kada in damu, idan la'asar ta yi bai isa gida ba, sahun masallacinsu zai neme shi. Na tsaya ina kallonsa har ƙarar babur ɗin ta ɓace, ina yi masa addu'ar da na saba yi wa mutum ɗaya.

Sannan na dubi takalman. Ga su a jere tsaf, baki ɗaya, ba mai su a ciki. Sai na tuna Bawa. Na tuna Inna ba ta taɓa karɓar takalmi a madadin mutum ba. Na ɗauke su na ƙulle a gefen mayafina. Da aka tashi daga sujada, na tsaya a bakin ƙofa na ce wa mutanenmu, ba mu ga Ishaya ba yau. Ban ƙara komai ba. Kowa ya zura takalminsa, suka biyo ni da Hannatu a ƙafa har asibiti, har da wasu daga cikin matan nan masu dogayen dundunniya.

Mun same shi a kwance, an ɗaura masa ruwa, leɓɓansa sun bushe, ƙafar ba ta kallo. Hannatu ta zube a gefen gado. Ni kuma na kwance mayafi na tura takalman ƙarƙashin gadon. Na yi niyyar in yi masa faɗa, in ce ka gani ko, in ce daga yau ka gama da ƙauyen nan da hanyar nan. Da na buɗe baki, abin da ya fito daban ne.

"Takalmanka sun yi sujada, Allah shi karɓa masu. Kai hwa?"

Ya buɗe ido. Ya yi dariya har ta koma masa tari, hawaye na bin gefen kunnensa.

"Da na tashi, Yaya. Lahadin da nit tashi."

A nan na gane abin da na yi. Ni da na shekara ina roƙonsa ya daina zuwa, da bakina na kira shi ya dawo kan hanyar.

Ishaya ya warke, sai ɗan ɗingishi da ya rage masa. Ya koma ƙauye, ya yi girbi, bana ma ya yi shuka. Yana zuwa. Ban ƙara cewa ya daina ba, amma kada kowa ya ɗauka tsoron ya tafi. Tsoron yana nan, tare muke tashi, tare muke zuwa makaranta, ran Lahadi kuwa shi yake riga ni zama a kujera. Ban san ko daidai nake yi ba. Na dai san abin da na gani, da ƙanena mutum ne mai zuwa yau ya fasa gobe, da Malam Garba ya sha kununsa ya tafi gona, da mun binne Ishaya a wannan makon.

Idan na auna abin da Inna ta bari, na hannu ba shi da yawa. An ce daɓenta ya tsattsage, ruwa yana zuba ta rufi, awakin da ta yi shekaru tana kora sun sami wurin kwana. Kabarinta yana can cikin ciyawa, rabona da shi tun kafin a sa wa majami'ar kwado. Sandarta ma ban san wanda ya ɗauka ba. Abin da ya rage shi ne jerin nan na gefen ƙofa, da mutanen da suka saba a jira su, da wani maƙwabci wanda ba addininmu ɗaya ba amma ya san ran Lahadi gidanmu ba a rasa fita.

Ɗingishin ya sa faɗen Ishaya ya fara cinyewa ta wani gefen, sai da na sake koyon sa. Ina rubuta wannan ran Asabar da hantsi, hadari yana haɗuwa ta wajen Zurmi, kuma tun jiya ake cewa an ga babura. Na goge kujerar, na jingine ta a bakin ƙofar ɗakina don kada in manta. Gobe zan zauna rabin jikina ciki rabi waje, Hannatu za ta waiwayo, ni kuma idona yana ƙarshen jeri.